Masu Fadama a Gaban Doka: Tarihi daga Ƙasar Kirikasamma

A ƙasar Kirikasamma fili ɗaya yakan yi masu shi uku a shekara guda. Idan ruwan kogin Haɗejia ya iso da damina ya malale fadama, wurin na manoman shinkafa ne da masunta. Idan ya fara janyewa bayan kaka, mai gona ya bi laimar da ya bari ya shuka wake, ko ya kafa lambun tattasai da albasa. Can da rani kuma Fulani su gangaro daga tudu, shanunsu su ci karmami da ciyawar da ta tsiro a gurbin ruwan. Mata na yankar kabar goruba su saƙa tabarmi. Babu takardar da ta tsara wannan karɓa-karɓa. Bulama ya san iyakar gonakin garinsu, sarkin ruwa ya san ranar da za a buɗe tafki a yi su, arɗo ya san burtalinsa da mashayarsa. Abin da ya riƙe su duka shi ne zuwan ruwa a kan lokaci da tafiyarsa a kan lokaci. Tarihin da ke tafe na yadda dokokin ƙasa suka yi ta canzawa sama da shekara 100 ne, ba tare da ko ɗaya ta rubuta cewa waɗannan mutane suna da haƙƙi a kan ruwan nan a matsayinsu na al'umma ba.

Duk wanda ya ratsa Marma ko Madaci ko Baturiya a yau zai ji Hausa a kasuwa, har ya ɗauka ƙasar ta ƙabila ɗaya ce. Ba haka ba ne. Akwai Badawa, akwai Mangawa masu jin Barbarci, akwai Gizimawa, akwai Fulani, ga kuma Hausawa da suka daɗe da waɗanda su da noma suka kawo daga baya. Kafin jihadi yankin ƙananan masarautu ne, irin su Auyo da Garun Gabas da Gatarwa da Kazura da Haɗejia kanta, suna biyayya ga Borno ta hannun Galadima da ke zaune a Nguru. Mutanen Auyo suna da harshensu na kansu, haka mutanen Shira da Teshena da ke kudu, kuma masana sun nuna dukkansu dangin Badanci da Gizimanci ne. Harsunan nan uku sun mutu, ba a bar mana komai daga cikinsu ba sai 'yan kalmomin da aka rubuta kafin su ɓace. Farfesa Russell Schuh, wanda ya yi shekaru yana nazarin Badanci da Gizimanci, ya tattara abin da ya rage a wani rubutu da ya fitar a 2001. Babu wanda ya kore su da doka. Kasuwa da aure da sarauta da makaranta ne suka haɗiye su sannu a hankali, kuma babu wata hukuma da aikinta ya kasance ta lura.

A 1808 Sambo ya karɓi Haɗejia da tutar Shehu, masarautar ta shiga ƙarƙashin Sakkwato. Shari'ar da aka zo da ita ba ta yi shiru a kan ƙasa ba. Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi musamman a kan yadda ake mallakar ƙasar da ba ta da mai ita, da hurumin gari da na rijiya da na kogi, kuma a fiƙihun Malikiyya ruwan kogi da ciyawar daji ba abin da mutum ɗaya zai killace ba ne. Amma bai kamata a ƙawata zamanin fiye da yadda yake ba. Ga Badawa ƙarni na 19 ƙarnin hari ne da kamun bayi daga gabas da yamma, shi ya sa suka taru suka gina ganuwa a Gogaram. A yaƙin da ya kai musu can ne Sarkin Haɗejia Buhari, wanda ya gagari Sakkwato kanta, ya rasa ransa a 1863. Kariyar da ƙananan al'ummu suke da ita a lokacin ita ce ganuwa da dausayin da doki ba ya iya ratsawa.

Sai Turawa suka zo. A Sakkwato, cikin watan Maris na 1903, shugabansu Lugga ya shaida wa manyan gari cewa duk ikon da sarakuna suke da shi a kan ƙasa ya koma hannun Ingila, tunda da yaƙi aka ci su. Haɗejia ba ta miƙa wuya cikin sauƙi ba, sai da aka buɗe mata wuta ranar 25 ga Afrilu 1906, Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da jama'a masu yawa. Bayan shekara biyu aka kafa kwamiti a Landan don ya duba maganar filayen Arewa, kuma daga rahotonsa aka fitar da dokar 1910. Dokar ta ce dukkan ƙasar Arewa ta 'yan ƙasa ce, amma tana ƙarƙashin ikon Gwamna, shi zai riƙe ta domin amfanin kowa. Adalci ne a faɗi alherin da ta yi: ta hana kamfanonin Turai saye filaye su mai da manoma 'yan ƙodago, kamar yadda aka yi a Kenya da Rodeshiya. Illarta kuwa ita ce ta mai da mai gona mai riƙo kawai. Daga ranar, wanda ya gaji fadama daga kakanni bakwai yana zaune a kanta ne bisa amincewar hukuma.

Abin da ke sosa rai shi ne a kudancin wannan ƙasa tamu aka yi shari'ar da ta zama makami ga 'yan asali a duniya. Amodu Tijani, Oluwa na Legas, ya ƙi yarda da ɗan abin da gwamnati ta ba shi a kan filayen Apapa, ya kai ƙara har kotun ƙoli ta daular Ingila. A 1921 kotun ta yanke cewa mallakar da al'umma ke yi wa ƙasarta bisa al'ada mallaka ce ta gaske, zuwan sabon mai mulki ba ya shafe ta, kuma dole a biya cikakkiyar diyya. Alƙalan Kanada sun jingina da wannan hukunci a shari'ar Calder ta 1973, na Ostiraliya ma sun jingina da shi a shari'ar Mabo ta 1992, wadda ta rushe da'awar cewa ƙasar ba ta da masu ita kafin zuwan Turawa. Hukuncin ya ƙetare teku ya yi aiki, amma bai iso Arewa ba, domin dokar 1910 ta riga ta rufe ƙofar.

Iyakokin mulki su ma sun yi nasu aikin. Haɗejia ta faɗa lardin Kano, Bade ta faɗa lardin Borno, alhali kogi ɗaya suke sha. Rabon ya ci gaba a 1967 tsakanin jihar Kano da ta Arewa maso Gabas, sannan ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiri Jigawa da Yobe a rana ɗaya. Badawan Yobe suna da masarautarsu a Gashuwa, 'yan uwansu na wannan ɓangare kuwa tsiraru ne a cikin masarautar Haɗejia mai ƙananan hukumomi takwas.

Karo na farko da aka zauna musamman don duba tsoron ƙananan ƙabilu shi ne kwamitin Willink, wanda aka kafa a 1957 ya miƙa rahoto a 1958. A Arewa hankalinsa ya fi karkata ga masu neman jihar Tsakiya da rigimar Ilori da Kabba. Bai goyi bayan ƙirƙirar sababbin jihohi ba. Maganin da ya bayar shi ne a rubuta haƙƙoƙin ɗan'adam a cikin tsarin mulki, kuma haka aka yi a kundin 1960. Sai dai haƙƙoƙin na mutum ɗaiɗai ne: rai, 'yancin addini, 'yancin magana, hana nuna bambanci. Mutanen Neja Delta kuwa an ware musu hukuma ta musamman saboda yanayin ƙasarsu ta ruwa. A nan aka zaɓi hanya, kuma har yau a kanta muke: doka ta san mutum, ta san jiha, amma ba ta san gari ko al'umma a matsayin mai haƙƙi ba.

Gwamnatin Sardauna ta sabunta dokar filaye a 1962, ta mai da ikon Gwamna hannun minista. A 1965 ta yi dokar keɓe makiyaya, wadda ita ce yunƙuri mafi kusa da amincewa da haƙƙin wata al'umma a kan ƙasa, ko da yake da yawan wuraren da aka tsara ba a kammala rubuta su a gazet ba, daga baya gonaki suka cinye su. Sojoji kuma suka karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa raba sarakuna da mulki. An yi wannan ne da hujjar kawar da zalunci, kuma zaluncin akwai shi. Amma an rage ƙarfin bulama da sarkin ruwa ba tare da an ba wani aikinsu ba.

Abin da ya fi kowace doka taɓa rayuwar mutanen fadama siminti ne da ƙasa da aka tara a nesa da su. A 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano, don noman rani a Kadawa da Kura da kuma ruwan sha na birnin Kano. A 1992 aka kammala ta Challawa, aka kuma datse kogin a kusa da Auyo don aikin noman rani na kwarin Haɗejia. Madatsun nan biyu suna riƙe da mafi yawan ruwan da ke zuba a kogin Haɗejia. Ƙididdigar masu bincike ta nuna a 1969 ambaliya ta rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 na dausayin Haɗejia da Nguru, amma a 1993 ba ta kai 500 ba. Farin 1973 da na 1984 suna da nasu kaso, ba madatsa kaɗai ba ce. Sai dai fari daga Allah yake, madatsa kuwa shawara ce da mutane suka yanke a ofis, kuma lokacin gina Tiga babu dokar da ta tilasta a tambayi na ƙasan kogi. Dokar auna illar manyan ayyuka ga muhalli sai a 1992 ta zo.

Ɓarnar ba a ƙarancin ruwa ta tsaya ba. A da kogin yakan ƙafe da rani. Da aka fara sako ruwa daga madatsa duk shekara, ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa tare da yashi. Ruwan da ya kamata ya bi tsohon kogin Haɗejia da Burum Gana ya nufi Gashuwa sai ya karkata zuwa mashigar Marma. Wasu gonaki suka nutse shekara da shekaru, wasu suka bushe ƙurmus. Kacalar ta zama gidan jan-baki masu cinye shinkafa da gero. Da fadamar ta ƙanƙance, masu ita uku da suke karɓa-karɓa suka fara haɗuwa a lokaci ɗaya a wuri ɗaya, kuma rikicin manoma da makiyaya da ake yawan ji a Guri da Kirikasamma yana da saiwa a nan. A farkon shekarun 1990 masana tattalin arziki, cikinsu har da Edward Barbier, suka auna abin da ruwa ke haifarwa idan an bar shi ya malale fadama, wato shinkafa da kifi da itace, suka kwatanta da abin da yake haifarwa a aikin noman rani na Kano. Sun samu na fadama ya ninka ɗayan nesa ba kusa ba. Binciken ya yi suna a duniya, amma bai zama doka ba.

Ana cikin haka, ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin Obasanjo ta soja ta fitar da Dokar Amfani da Ƙasa, wadda a zahiri tsarin Arewa ne aka shimfiɗa wa ƙasa baki ɗaya. Ƙasar kowace jiha tana hannun gwamnanta a matsayin amana. Sashe na 28 ya ba shi ikon karɓe fili don amfanin jama'a, sashe na 29 ya ce diyya a kan gini da amfanin gona da makamantansu take, ba a kan ƙasar kanta ba. To a duba mutumin fadama. Masunci bai gina komai a tafki ba. Makiyayi bai shuka ciyawa ba. Mai shinkafa kuwa ba a ƙwace gonarsa ba, tana nan inda take, ruwan da ke mai da ita gona ne aka riƙe a sama, kuma dokar ba ta san wannan a matsayin asara ba. An dasa ta a cikin kundin 1979, aka maimaita a sashe na 315 na kundin 1999, ta yadda ba a taɓa ta sai ta hanyar gyaran tsarin mulki. Waɗanda suka tashi neman diyya da ƙarfinsu sun ga sakamako a madatsar Bakolori cikin Afrilu 1980, inda 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa manoma wuta.

Kundin 1999 ya ambaci asali, amma a wani fage daban. Sashe na 25 ya jingina zama ɗan ƙasa da fitowa daga al'ummar da ke da asali a Najeriya. Sashe na 147 ya ce kowace jiha a ba ta minista ɗan asalinta. Daga nan takardar indijin ta samo ƙarfinta, wadda matashin Kirikasamma zai karɓa a sakatariya don neman gurbin jami'a ko aikin soja. Takardar tana raba muƙami, ba ta kare tafki ko makiyaya. Sashe na 20 ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da daji, na 21 ya ɗora mata kare al'adu, amma duka suna cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotu tilasta shi. Ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya na tarayya ne, dokar ruwa ta 1993 ta tabbatar da haka. Sarakuna, waɗanda suke da majalisa a Kaduna a jamhuriya ta farko, ba a ba su wani aiki a kundin ba. Harsuna uku kawai ya ambata bayan Ingilishi: Hausa da Ibo da Yarabanci. Ya kamata mu Hausawa mu faɗa wa kanmu gaskiya a nan, domin a bakin kogin Haɗejia harshenmu ne babban da ke haɗiye ƙanana.

Tsuntsaye sun fi mutane samun takarda. A 1987 aka fara aikin kare dausayin Haɗejia da Nguru tare da ƙungiyoyin duniya, saboda ɗimbin tsuntsayen da ke zuwa daga Turai su yi hunturu a nan. A 2000 tafkin Nguru da mashigar Marma suka shiga jerin Ramsar na dausayi masu muhimmanci a duniya, a 2008 Baturiya ta bi, da faɗin kimanin hekta 100,000. Wannan abin alfahari ne, kuma ma'aikatan aikin sun yi ƙoƙari wajen kai kukan mutanen fadama gaban hukuma. Amma a dokar gandun daji wanda kakansa ya yi kiwo ko su a wurin mai laifi ne idan ya shiga, sai dai a kau da kai.

A waje kuwa duniya ta yi nisa. Indiya ta keɓe wa ƙabilunta jadawali na biyar da na shida a kundinta tun 1950, a 2006 ta yi dokar da ta amince da haƙƙin mazauna daji. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniya mai lamba 169 a 1989, wadda ta wajabta tuntuɓar 'yan asali kafin a taɓa ƙasarsu. Najeriya ba ta rattaba hannu ba. Ranar 13 ga Satumba 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da sanarwar haƙƙin 'yan asali da ƙuri'a fiye da 140, ƙasashe 4 suka ƙi, 11 suka ƙaurace, Najeriya na cikin masu ƙauracewa. Hujjar da gwamnatocin Afirka suka daɗe suna bayarwa ita ce kowa ɗan asali ne a nahiyar, kuma ware wasu zai hura wutar rabuwa.

Ban ɗauki wannan hujja da wasa ba. Wanda ya tuna Zangon Kataf a 1992 da Jos a 2001 ya san jinin da tambayar wa ya riga zuwa ta zubar, kuma Hausawa sun sha zama waɗanda ake kira baƙi a garin da aka haifi kakanninsu. Idan aka shigo da tambayar nan fadamar Haɗejia, Babade zai ce ya riga Bamange, Bamange ya ce ya riga Bahaushe, Bafillace kuma a ce masa ba shi da gari. Amma ƙin wannan tambaya ba dalili ba ne na barin jama'a babu kariya. Jamhuriyar Nijar, wadda iyakarta ba ta da nisa daga nan, ta nuna wata hanya. Dokarta ta karkara ta 1993 ta ɗora haƙƙin al'ada a matsayi ɗaya da na takarda, ta ba makiyaya fifiko a yankin da suka saba zama, ta kafa kwamitocin filaye har matakin ƙauye. A 2010 ta ƙara da dokar da ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne. Aiwatarwa tana da rauni, amma haƙƙin an rataya shi a kan amfani da wuri, ba a kan jini ba.

Ko a gida ƙofa ba ta rufe ruf ba. Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan'adam da al'ummu ta zama dokar Najeriya tun 1983, Kotun Ƙoli ta tabbatar da ƙarfinta a shari'ar Abacha da Fawehinmi a 2000, kuma tana maganar haƙƙin al'umma a kan arzikin ƙasarta da muhallinta. Da ita hukumar haƙƙin ɗan'adam ta Afirka ta samu Najeriya da laifi a kan Ogoni a 2001. Da ita Endorois na Kenya, makiyayan da aka kora daga bakin tafkin Bogoria don a yi gandun namun daji, suka yi nasara a 2010. A 2006 kuma jihohin da ke shan wannan kogi suka haɗu a Damaturu suka kafa asusun kula da shi, aka biyo da tsara yarjejeniyar rabon ruwa. Sai dai alkawari ne tsakanin gwamnatoci, ba abin da mutumin Madaci zai riƙe ya shiga kotu ba ne, kuma ambaliyar 2020 da ta 2022 sun same shi har yanzu ba shi da kujera a inda ake yanke ranar buɗe madatsa.

Akwai abin da jihar Jigawa za ta iya yi ba tare da jiran gyaran tsarin mulki ba. Sashe na 6 na dokar 1978 ya ba ƙaramar hukuma ikon bayar da takardar mallakar al'ada ga mutum ko ƙungiya, har hekta 500 don noma da 5,000 don kiwo, ba sai gwamna ya sa hannu ba. Da wannan iko ƙaramar hukumar Kirikasamma za ta iya rubuta tafkuna da burtalai da fadamun kowane gari da sunan jama'arsa, a bayyana wane wata na masunta ne, wane na manoma, wane na makiyaya, bulama da sarkin ruwa da arɗo su zama shaidu. Majalisar dokokin jiha kuma ta yi dokar da za ta hana soke irin wannan takarda sai an zauna da masu ita an biya su asarar ruwa da kifi da ciyawa, ba ta gini kaɗai ba.